Darasin Zama Ɗan Ƙasa a Makarantun Gwamnati: Tarihin Manhaja da Malaman da Aka Ɗora wa Ita

Duk wanda yake da yaro a makarantar gwamnati ya san darasin nan na sanin haƙƙi da wajibcin ɗan ƙasa, wanda yara ke kira Sibik. Wasu iyayen suna ɗaukar sa sabon abu ne, domin a zamaninsu ba su ji sunansa ba. Alhali darasin ya girmi Najeriya mai 'yancin kai. Sunansa ne kawai ke sauyawa, kuma kusan duk lokacin da ƙasar ta shiga wani hali na ruɗani, sai hukuma ta waiwaye shi ta raɗa masa sabon suna. Wanda ya bi tarihin daga farko zai ga abu guda yana maimaita kansa: ana gama rubuta manhaja cikin 'yan watanni, amma malamin da zai tsaya gaban allo ya koyar da ita sai daga baya ake tunawa da shi.

Zamanin Turawa

A lokacin mulkin mallaka, abin da ake so yaro ya fito da shi daga makaranta shi ne biyayya ga hukuma. Kowace shekara ranar 24 ga Mayu akan yi bikin Ranar Daular Ingila, 'yan makaranta su yi fareti, su yi wa tutar Ingila gaisuwa, su rera taken Sarkin Ingila. Tarihin da ake koyarwa a manyan azuzuwa yawancinsa na Turai ne da na Turawan da suka zo yawon gano ƙasa. A Arewa kuma, inda Turawa suka yi mulki ta hannun sarakuna, abin da aka fi jaddadawa shi ne ladabi ga En'e da biyan haraji da tsafta. Batun cewa talaka yana da haƙƙin tambayar yadda aka kashe harajinsa ba ya cikin darasi.

Duk da haka, akwai abin lura a nan. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, tana da ajin malamai tun daga farko. Kwalejin Katsina kuwa, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, an kafa ta ne musamman don horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Ɗalibai kaɗan ake ɗauka, su yi shekara biyar ana gyara musu harshe da lissafi da dabarun koyarwa. Ahmadu Bello ya fito daga can a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1933 ya koyar a Midil ta Bauchi. Bayan kwalejin ta koma Kaduna a 1938, Aminu Kano da Shehu Shagari suka bi ta cikinta, su ma suka kama alli.

Turawa ba su ba waɗannan malamai manhajar wayar da kai ba, amma sun ba su horo mai zurfi, kuma horon ya haifi abin da manhaja ba ta tanada ba. A Bauchi a 1943 aka kafa zauren tattaunawa inda Sa'adu Zungur da Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano suke tayar da tambayoyi kan yadda En'e ke mulki. Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940. A 1950 Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta, ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Shagari kuma ya tsara waƙa da Hausa don yara su san ƙasarsu da garuruwanta. A Kudu ma haka abin yake: ƙungiyar malamai ta ƙasa da aka kafa a 1931 ƙarƙashin Rabaran Ransome-Kuti ta zama ɗaya daga cikin muryoyin da Turawa ba su iya toshe kunne daga gare su ba, kuma Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin naira goma, daga cikinta ya yi suna. Ke nan darasin zama ɗan ƙasa na farko da ya yi tasiri a ƙasar nan, daga bakin horarrun malamai ya fito.

Gab da 'yancin kai

Da aka fara shirin zaɓe a shekarun 1950, sai buƙata ta sauya. Mutumin da za a ba ƙuri'a dole ya san mene ne majalisa da mene ne wakili. Gwamnatin Arewa ta ɗauki hanyar Yaƙi da Jahilci, inda aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, aka buga ƙananan littattafai da jaridun larduna a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma tana bayanin sabon tsarin mulki da Hausa. Gwamnatin Yamma ta Cif Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a watan Janairu 1955, yawan ɗalibai ya kusa ninkawa a shekara guda. Gabas ta bi sahu a 1957, sai dai kuɗi suka gaza, aka dawo da biyan wani abu. A duk inda aka yi wannan faɗaɗawa, ƙarancin horarrun malamai shi ne ya fara bayyana.

Kwamitin Ashby da ya miƙa rahotonsa a 1960 ya ga wannan giɓi, kuma daga shawarwarinsa aka samu manyan kwalejojin horar da malamai a farkon shekarun 1960, irin su ta Zariya da ta Legas da ta Owerri da ta Kano. Su ne suka fara ba da takardar NCE da muka sani yau. A wancan lokacin ana koyar da ilimin zama ɗan ƙasa a matsayin ɗan ƙaramin darasi kusa da tarihi da labarin ƙasa, yawancinsa haddar sunayen ministoci da firimiyoyi da rassan gwamnati.

Daga Aiyetoro zuwa taron 1969

Babban sauyi ya taso ne daga wata makaranta a garin Aiyetoro, cikin jihar Ogun ta yanzu. An buɗe ta a 1963 da haɗin gwiwar gwamnatin Yamma da hukumar agaji ta Amurka da Jami'ar Harvard. A can aka gwada haɗe tarihi da labarin ƙasa da ilimin zama ɗan ƙasa a darasi guda, wanda muke kira ilimin zamantakewa. Malaman makarantar suka rubuta littafin aji ɗaya da aji biyu na sakandare, aka buga shi a 1968. A Arewa kuma, tsakanin 1964 da 1969, an gudanar da wani shiri tare da Jami'ar Wisconsin wanda ya shigar da sabon darasin cikin kwalejojin horar da malamai, daga baya Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ci gaba da aikin. A 1968 ɗin ne kuma ƙasashen Afirka masu amfani da Turancin Ingilishi suka haɗu a Mombasa ta Kenya suka amince su rungumi darasin.

Manufar sabon darasin ita ce a rage hadda, a koya wa yaro ya yi tambaya, ya binciki unguwarsa da kasuwarsa da majalisar garinsu, ya saurari wanda ra'ayinsu ya saɓa. Irin wannan koyarwa tana buƙatar malamin da ba ya jin tsoron tambayar ɗalibi. A Aiyetoro an samu hakan domin malaman zaɓaɓɓu ne kuma kayan aiki sun wadata. Matsalar ita ce yadda za a kai wannan salo dubban makarantu.

Ana cikin haka ƙasa ta faɗa yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Tun yaƙin bai ƙare ba, a watan Satumba 1969, aka kira taron manhaja na ƙasa a Legas. Abin da ya bambanta wannan taro shi ne ba masana ilimi kaɗai aka gayyata ba, har da 'yan kasuwa da manoma da ƙungiyoyin mata da shugabannin addini da ma'aikata. Tambayar da ke gabansu ita ce wane irin mutum ake so makarantar Najeriya ta fitar. Bayan wani taron ƙwararru a 1973 ƙarƙashin Cif Simeon Adebo, aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977. Ta sanya haɗin kan ƙasa da adalci da mulkin dimokuraɗiyya a sahun gaba, ta ɗora wa ilimin zamantakewa nauyin koyar da su a firamare da ƙaramar sakandare. A cikinta ne aka rubuta cewa ilimin kowace ƙasa ba ya wuce ingancin malamanta. Shirin bautar ƙasa na 1973, da ƙarin kwalejojin gwamnatin tarayya a jihohi, da alƙawarin biyayya ga ƙasa da aka fara karantawa a makarantu a 1976, duk daga wannan tunani na ɗinke ɓaraka suka fito.

UPE da malaman gaggawa

A watan Satumba 1976 Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. Aka buɗe kwalejojin malamai masu ba da takardar Gired Tu da yawa cikin hanzari. Wanda ya gama firamare yana yin shekara biyar, wanda ya ci jarrabawar sakandare yana yin shekara ɗaya, wasu kuma aka ɗauke su a matsayin malaman taimako ba tare da wani horo ba. A 1976 ɗin aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wato NTI, don ta riƙa ɗaga darajar waɗanda ke bakin aiki ta hanyar karatu daga nesa da kwasa-kwasan hutu.

UPE ta buɗe ƙofar makaranta ga 'ya'yan talakawa da ba su taɓa tsammani ba, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu albarkacinta suka ci. Sai dai darasin da ya fi jin jiki shi ne wanda aka tsara a kan tattaunawa. Malamin da ya samu horon shekara ɗaya, yana gaban yara sittin ko fiye, babu taswira babu littafi, abin da zai iya yi shi ne ya rubuta a allo su kwafa. Ta haka ilimin zamantakewa ya koma abin da aka ƙirƙiro shi don ya kawar: ma'anar iyali, ire-iren aure, jihohi da manyan biranensu, a haddace a zuba a jarrabawa. Da tsarin 6-3-3-4 ya fara a 1982, kuɗin mai sun riga sun ja baya. Albashin malaman firamare ya riƙa makalewa watanni, aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka maido ta a 1993. Masu hazaƙa da dama suka bar koyarwa.

Lokacin da aka kai darasin kan titi

Gwamnatocin da suka biyo baya, da suka ga tarbiyyar jama'a ba ta gyaru ba, sai suka nemi gajeriyar hanya a wajen aji. Shagari ya yi shelar juyin ɗa'a a farkon shekarun 1980. A watan Maris 1984 Janar Buhari da Idiagbon suka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka koya wa mutane bin layi da sharar unguwa ƙarƙashin idon soja. Janar Babangida ya kafa MAMSER a 1987 ƙarƙashin Farfesa Jerry Gana, wadda ta rikiɗe ta zama hukumar wayar da kai ta ƙasa, NOA, a 1993. Kowanne ya zo da take da waƙoƙin rediyo da ƙungiyoyin 'yan makaranta, kuma kowanne ya dusashe da tafiyar gwamnatin da ta kawo shi.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya da malamin wancan zamani ya sha. Yana koya wa yara cewa gwamnati tana da rassa uku kuma jama'a ke zaɓen shugabanni, alhali majalisa a rufe take, an jingine tsarin mulki, ana mulki da dokar soja. A 1993 ma yara suka ga an yi zaɓe an soke shi. A fannin horo kuwa an yi wasu gine-gine masu amfani a wannan tsakani: hukumar NERDC mai tsara manhaja a 1988, hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, da hukumar rajistar malamai TRCN a 1993. Daga baya aka tsayar da NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa, aka rufe kwalejojin Gired Tu sannu a hankali. Tsofaffin malamai da yawa har yau suna ganin an yi asara a nan, domin waɗancan kwalejoji suna ɗaukar yaro tun yana ƙarami su raine shi a kan aikin koyarwa da ɗabi'arsa.

Dawowar Sibik

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato cikin watan Satumba na shekarar, dokarsa ta fito a 2004. Sabuwar manhajar ilimin tushe ta shekara tara, wadda aka fara aiki da ita a 2008, ta ciro ilimin zama ɗan ƙasa daga cikin ilimin zamantakewa ta mai da shi darasi mai zaman kansa. A wannan gyaran ne kuma tarihi ya rasa gurbinsa a azuzuwan ƙasa. A 2011 aka wajabta Sibik a babbar sakandare tare da Turanci da Lissafi, kuma a 2014 ɗalibai suka fara rubuta shi a jarrabawar WAEC. A 2014 ɗin aka sake cusa shi a ƙananan azuzuwa cikin wani kunshi tare da ilimin zamantakewa da ilimin tsaro da darussan addini, abin da ya tayar da ƙura tsakanin shugabannin Musulmi da na Kirista har aka ware darussan addinin a 2017. A 2022 gwamnati ta yi shelar maido da tarihi tare da horar da malamai 3,700, wato ɗari ɗaya daga kowace jiha da Abuja. A 2025 kuma aka sanar da wata sabuwar manhajar da ta sake haɗa darasin da wasu ƙarƙashin sabon suna.

A lissafa a gani: cikin ƙasa da shekara ashirin an ware darasin, an wajabta shi, an cusa shi cikin kunshi, an kwance kunshin, an sake haɗa shi. Malamin NCE kuwa shekara uku yake yi kafin ya fito, na digiri shekara huɗu. Lokacin da aka wajabta darasin a kan kowane ɗalibin sakandare, kwalejoji da jami'o'i ba su riga sun yaye waɗanda suka karance shi a matsayin fanninsu ba. Sai shugabannin makarantu suka miƙa shi ga malaman ilimin zamantakewa da na gwamnati da na tarihi, inda babu su kuma ga duk wanda jadawalinsa ke da sarari, ko ga mai bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara. Horon da akan ba su yawanci bita ce ta 'yan kwanaki, inda ake kiran mutum ɗaya ko biyu daga makaranta a ce su koma su koya wa sauran. Ga kuma matsalar tushe. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da ta gindaya ba a jarrabawar da ta yi musu. Ƙungiyar malamai ta ƙalubalanci yadda aka yi gwajin, amma babu wanda ya musa cewa akwai gyara a yadda ake horar da malamai da yadda ake ɗaukar su aiki.

Abin da ake asara

Manhajar kanta ba ta rasa abubuwa masu amfani ba. Akwai tsarin mulki da bin doka, da haƙƙin ɗan Adam, da zaɓe, da illar ƙungiyoyin asiri da shaye-shaye da safarar mutane. Babi na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera haƙƙoƙin kowane ɗan ƙasa. Sashe na 41 ya ba shi damar zirga-zirga da zama a ko'ina cikin Najeriya, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalinsa, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a kowace jiha. Sashe na 24 kuma ya jera abin da ke kansa, ciki har da bin doka da mutunta haƙƙin wasu da biyan haraji. Duk wanda ke zaune nesa da garin haihuwarsa ya san darajar waɗannan sassa, kuma ya san amfanin a ce yaron maƙwabcinsa ma ya fahimce su tun yana aji. Yaron da ya haddace lambar sashe ya ci jarrabawa. Wanda malaminsa ya zaunar da su suka tattauna abin da mutum zai yi idan aka tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, ko inda zai kai ƙara idan aka hana shi haya saboda yarensa, shi ne ya koyi darasin.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista ne suka fita. A 2023, bayan shekara goma sha biyu ana koyar da Sibik dole a sakandare, kimanin kashi 27 ne suka fita daga cikin mutum sama da miliyan 93. Dalilan wannan suna da yawa, kuma ba adalci ba ne a ɗora su duka a kan aji. Amma ya isa ya nuna cewa sanya darasi a jadawali da jarrabawa bai wadatar ba.

Tarihin nan ya nuna inda abin ya yi kyau. A Katsina da Aiyetoro malami aka fara ginawa, shi kuma ya gina darasin. Tun daga 1976 kuwa ana yin akasin haka. Dokar UBE ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin tushe, kuma a ciki akwai kason horar da malamai da ke bi ta hukumomin SUBEB na jihohi. Kowace makarantar gwamnati kuma ya kamata a ce tana da kwamitin iyaye da malamai da kwamitin al'umma mai sa ido a kan tafiyar da ita. Iyaye suna da damar halartar waɗannan taruka su tambayi hedimasta cikin ladabi: wa ke koyar da wannan darasi, me ya karanta, yaushe rabon da a tura shi horo, kuma yana da kwafin tsarin mulki a hannunsa? Idan amsar ba ta gamsar ba, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da kansila da ɗan majalisar jiha suna nan, kuma aikinsu ne su saurara. Inda ƙungiya ke da hali, sayen kwafin tsarin mulki goma a kai wa makarantar unguwa ba zai gagara ba.

Allah Ya shiryar mana da zuriya, Ya saka wa malamanmu da alheri.